Tafintan da Ke Cikin Injin Ɗab'i: Tarihin PostScript da Ghostscript

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san cewa ciniki ba ya faɗawa tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna, sai an sami na uku. Makiyayi ya koro shanunsa daga cikin Nijar, falke ya taso daga Kudu da kuɗinsa, kowa na da abin da ɗan'uwansa yake bukata, amma sai tafinta ya shiga tsakani kafin a sallama. Idan tafintan ya yi kuskure, ko ya ƙara gishiri, to asarar tana kan masu dukiya.

Irin wannan tafinta yana nan a ɓoye duk lokacin da aka buga takarda. Alal misali, ɗalibi ya taso daga Gagarawa Tasha ya shigo Gumel da takardar shaidar jarrabawarsa a cikin waya, ya miƙa wa mai shagon buga takardu, cikin minti ɗaya ga takarda ta fito daidai yadda aka tsara ta a Abuja, babu layin da ya goce. Ba a banza hakan ke faruwa ba. Akwai wani harshe da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfuta, take kwatanta shafi da shi, akwai kuma wata manhaja da ke karanta wannan kwatance ta mayar da shi ɗige-ɗigen tawada. Masana suna kiran wannan manhaja tafinta, kuma sunan ya dace da ita. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin tarihin harshen da ake kira PostScript, da shahararren tafintansa Ghostscript, da kuma yadda al'amarin ya shafi rubutun Hausa.

Matsalar da aka so a warware

Kafin a fahimci amfanin tafinta, wajibi ne a san yadda firinta mai aiki da hasken leza take yin rubutu. Wannan inji bai san harafi ba, bai san hoto ba. Abin da ya sani shi ne ɗigo. A cikinsa akwai wata ganga mai juyawa wadda ake ɗora wa cajin lantarki, sai siririn haske ya bi ta kanta layi-layi yana sauya cajin a wuraren da ake so tawada ta zauna. Garin tawada ya manne a waɗannan wurare, takarda ta bi ta ɗauke shi, sannan zafi ya narkar da shi ya kama takardar. Wani injiniya mai suna Gary Starkweather ne ya ƙirƙiro wannan dabara a kamfanin Xerox na Amurka a wajejen 1969 zuwa 1971.

To, bari mu yi ɗan lissafi. Injin da ke sa ɗigo 300 a kowane inci, idan aka ba shi farar takarda irin ta ofis da ake kira A4, zai bukaci ɗigo 2,480 a faɗi da 3,508 a tsawo, wato kimanin ɗigo miliyan 8.7 a shafi guda. Kowane ɗaya daga cikinsu sai an yanke masa hukunci, baƙi ne ko fari. Babban injin maɗaba'a mai sa ɗigo 100 a kowace milimita kuwa, shafin nan guda zai ci ɗigo sama da miliyan 620.

A nan matsala biyu suka taso. Ta farko, aika wannan tarin ɗige-ɗige ta waya daga kwamfuta zuwa firinta yana cin lokaci, musamman a injunan wancan zamani. Ta biyu kuwa ta fi tsanani: shafin da aka shirya domin inji ɗaya ba ya yin aiki a wani, tun da yawan ɗigonsu ya bambanta, kuma kowane kamfani da irin umarninsa. Mutanen Gagarawa sun san darajar ma'auni ɗaya. Lokacin da aka shimfiɗa dogo daga Kano zuwa Nguru a wajejen 1930, an yi shi ne a kan faɗin ƙafa 3 da inci 6, daidai da na sauran ƙasar, shi ya sa taragon gyaɗa da aka loda a tashar Gagarawa yake iya isa Legas ba tare da an sauke kaya an sake lodi ba. Sana'ar ɗab'i da kwamfuta ba ta da irin wannan ma'auni a shekarun 1970.

Haihuwar PostScript

Maganin da aka gano shi ne a daina aika ɗige-ɗige, a aika kwatance. Mai ɗinkin hula idan ya ba almajirinsa aiki, ba ya ƙirga masa kowane sukan allura. Yakan ce masa ya ja layi daga nan zuwa can, ya kewaye shi da zobe, ya cike tsakiya da baƙin zare. Almajirin ne zai duba ƙyallen da ke hannunsa ya san yawan sukan da zai yi. Haka harshen kwatanta shafi yake: kwamfuta ta faɗi siffa, tafinta ya ƙirga ɗigo gwargwadon injin da yake yi wa aiki.

Tushen wannan tunani yana wurin wani masanin lissafi, John Warnock. A 1976, yana aiki a kamfanin Evans & Sutherland, ya shiga aikin zana tashar jiragen ruwa ta birnin New York a cikin kwamfuta domin horar da matuƙa, aka kuwa bukaci wani harshe na kwatanta siffofi. Daga baya ya koma cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto a jihar Kalifoniya, inda shi da Martin Newell suka gina wani harshe mai kama da na farkon. Daga nan ne aka samar da Interpress, harshen da aka yi domin injunan Xerox. Da Warnock da shugabansa Charles Geschke suka ga kamfanin yana jan ƙafa wajen fitar da shi kasuwa, sai suka ajiye aiki, suka kafa nasu a watan Disamba na 1982. Suka raɗa masa suna Adobe, sunan wani rafi da ke bayan gidan Warnock. Ma'anar kalmar ita ce tubalin laka, kuma daga Larabci ta shiga harshen Sifaniyanci. A 1984 suka fitar da PostScript.

Yadda tafinta yake karatu

PostScript yana ɗaukar shafi tamkar fili ne da aka auna. Ma'auninsa shi ne kashi ɗaya bisa 72 na inci, ana fara ƙirga daga kusurwar ƙasa ta hagu, saboda haka takardar A4 tana da faɗin 595 da tsawon 842. Umarnin kuwa rubutu ne zalla wanda mutum zai iya karantawa da idonsa. Idan aka rubuta 72 72 moveto, ana nufin a ɗora alƙalami a inci ɗaya daga hagu, inci ɗaya daga ƙasa. Idan aka biyo da 144 72 lineto, an ja hanya zuwa inci biyu ke nan. Kalmar stroke ita ke sa tawada a kan hanyar, showpage kuma ta ce a fitar da takarda.

Mai karatu zai lura cewa lambobi ne ke gaba, aiki yana biyo baya. Maimakon a ce uku a tara da huɗu, sai a rubuta 3 4 add. Dalili kuwa shi ne tafintan yana ajiye duk lambar da ya tarar a kan wani tari, kamar yadda ake jera buhuna a dalar gyaɗa: wanda aka ɗora a ƙarshe shi ake fara saukewa. Da ya gamu da kalmar aiki, sai ya sauke adadin lambobin da take bukata daga saman tarin, ya yi aikin, ya mayar da sakamakon. Wannan tsari yana sauƙaƙa wa inji karatu ƙwarai, domin ba ya bukatar ya ga ƙarshen jimla kafin ya soma aiki.

Haruffa ma siffofi ne a wurinsa. Kowane harafi an kwatanta gefensa da miƙaƙƙun layuka da lanƙwasassu. Ana tsayar da kowace lanƙwasa da ɗigo huɗu kacal, biyu a bakinta biyu, biyu kuma suna jan ta kamar yadda tsirkiya ke jan baka. Wannan lissafi yana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen zana jikin mota. Fa'idarsa ita ce, da kwatance ɗaya za a iya buga harafi ƙanƙane kamar ƙwayar gero ko kuwa ƙato kamar ƙofar zaure, ba tare da gefensa ya yi kaushi ba. Sai dai ƙananan haruffa suna da tasu wahala. Harafin littafi na yau da kullum tsawonsa bai wuce ɗigo 42 ba a inji mai ɗigo 300, ƙafarsa kuwa ɗigo uku ne ko huɗu. Idan lissafi ya ba ƙafa ɗaya ta harafin m ɗigo uku, ya ba ta kusa da ita huɗu, ido zai gani nan da nan. Saboda haka Adobe suka saka wasu ƙarin alamu a cikin haruffansu masu shiryar da tafinta, suka kuma riƙe sirrinsu har zuwa 1990.

Daga ɗakin bincike zuwa kasuwa

Harshe ba ya rayuwa sai da masu magana da shi. A 1985 abubuwa uku suka haɗu. Kamfanin Apple, wanda a ƙarƙashin shugabansa Steve Jobs ya riga ya zuba jari a Adobe, ya fitar da firintar LaserWriter mai ɗauke da tafintan PostScript a cikinta, a kan dala 6,995. Kamfanin Aldus na Paul Brainerd ya fitar da manhajar PageMaker ta tsara shafuka. Kamfanin Linotype, tsohon gidan haruffan dalma, ya karɓi harshen a manyan injunansa na maɗaba'a. Daga nan mutum zai iya tsara littafi a kan teburinsa, ya gwada shi a ƙaramar firinta, sannan ya kai fayil ɗin nan dai maɗaba'a a buga shi da kyau.

Abin lura shi ne nauyin aikin tafinta. Ƙwaƙwalwar da ke cikin LaserWriter ta fi ta kwamfutar Macintosh da ke aiko mata da aiki sauri, ma'ajiyarta kuma ta kai megabayit ɗaya da rabi, alhali Macintosh ta farko kilobayit 128 gare ta. Ba don komai ba sai don shafi guda na ɗige-ɗige yana cin kimanin megabayit ɗaya. Wannan ƙwaƙwalwa, haɗe da ladan da kowane mai ƙera firinta yake biyan Adobe, su ne suka sa injin PostScript ya yi tsada. Kamfanin Hewlett-Packard ya bi tasa hanya tun 1984 da wani harshe mai sauƙi, PCL, wanda ya yaɗu a ofisoshi saboda arha.

Ghostscript, tafintan kowa da kowa

Adobe sun wallafa ƙa'idojin harshen a littafi, kowa na iya saya ya karanta. Abin da suke sayarwa shi ne tafintan. Ashe ke nan duk mai ilimi da haƙuri zai iya rubuta nasa. Wanda ya ɗauki wannan nauyi shi ne L. Peter Deutsch, wanda tun yana matashi ya shahara da rubuta manhaja, kuma shi ma ya yi shekaru a cibiyar Xerox ta Palo Alto. Ya soma aikin a 1986, ya fitar da shi a 1988 da sunan Ghostscript. Farkon sunan yana nufin fatalwa, wato dai wasa ne da sunan PostScript. Ya ba da shi ga shirin GNU na Richard Stallman, wanda aƙidarsa ita ce manhaja ta zama kowa yana da ikon ya karanta cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu.

Hikimar Ghostscript ita ce ya ɗauke tafinta daga cikin firinta ya dawo da shi cikin kwamfuta. Shi zai karanta kwatancen, ya lissafa ɗige-ɗigen, sannan ya miƙa su ga kowace irin firinta da harshen da take ji, ko kuwa ya nuna shafin a fuskar kwamfuta. Ta haka firinta mai arha ta sami damar buga abin da a da sai mai tsada. Ɗalibai da malaman jami'a a ƙasashen da ba su da ƙarfin sayen manyan injuna sun ci moriyar wannan, domin a shekarun 1990 yawancin takardun bincike na lissafi da kimiyya da ake rabawa ta intanet a tsarin PostScript suke. A 1996 kamfanin URW na Jamus ya ba da kyautar haruffa nau'i 35 masu daidai ma'auni da na Adobe, aka rufe wani babban giɓi.

Amma shi ma mai kyauta sai ya ci abinci. Deutsch ya fito da tsari mai fuska biyu ta hannun kamfaninsa Aladdin Enterprises: duk mai son ya saka sabon Ghostscript a cikin hajar sayarwa sai ya biya ta hannun kamfanin Artifex, bayan wani lokaci kuma a saki wannan fitowar a ƙarƙashin lasisin GNU. A shekarar 2000 ya miƙa ragamar aikin ga Raph Levien, daga baya ya koma nazarin tsara kiɗa. A 2006 aka daina jinkirin, sabon fitowa ya riƙa zuwa kai tsaye da lasisin GNU, a 2013 kuma aka koma wani nau'insa mai suna AGPL. Sharaɗin ba na wasa ba ne. A 2016 Artifex ya kai kamfanin Hancom na Koriya ta Kudu ƙara a Kalifoniya bisa zargin ya saka Ghostscript a hajarsa bai biya ba, bai kuma buɗe tasa manhajar ba. A 2017 kotu ta ƙi yin watsi da ƙarar, daga bisani suka sasanta.

Zuwan PDF

PostScript cikakken harshen shirya manhaja ne, kuma wannan ƙarfin nasa shi ne rauninsa. Tafinta ba zai san abin da ke shafi na 200 ba sai ya bi ta kan 199 da suka gabace shi, kuma mugu zai iya ɓoye umarnin ɓarna a cikin abin da ake zaton takarda ce kawai. An sha gano irin waɗannan kafofi a Ghostscript, musamman a 2018, har ya sa daga 2019 aka mayar da tsarin kariya ya zama shi ne na asali. Adobe sun ci gaba da inganta harshen a 1991 da 1997, amma a 1993 sun fitar da PDF, wanda ya gaji yadda PostScript yake kwatanta siffofi, ya zubar da ɓangaren shirya manhaja, ya ware kowane shafi da kansa. A 2008 PDF ya zama ma'aunin duniya a ƙarƙashin hukumar ISO. Ghostscript ya koyi karanta shi da rubuta shi. Shekaru masu yawa da harshen PostScript kansa aka rubuta sashen da ke karanta PDF, sai a 2022 aka maye gurbinsa da sabo da aka rubuta da harshen C. Geschke ya rasu a 2021, Warnock kuma a 2023.

Ina Hausa ta shigo?

Rubutun boko yana da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sannan da 'y, wadda da zarar an ƙetare iyaka a Maigatari ake rubuta ta ƴ bisa ƙa'idar Nijar. A farkon zamanin boko ana nuna su da ɗigo a ƙarƙashi ko waƙafi a gefe, sai a shekarun 1930 masu ƙugiya suka zauna. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka soma a Zariya a 1939, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sun taimaka wajen sabar wa mutane da su. A zamanin dalma, maɗaba'ar da ke son ƙ sai an zubo mata ita da ƙarfe. A zamanin tafireta kuwa, sau da yawa akawu yakan buga k ne ya bi ta da biro.

Da kwamfuta ta zo, sai aka koma baya. A cikin haruffa nau'i 35 da aka saba sakawa a injunan PostScript babu ko ɗaya mai ƙugiya. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa littattafan hikaya da yawa da aka buga a Kano a shekarun 1980 da 1990 suka fito babu ƙugiya, aka bar mai karatu ya rarrabe baki da baƙi, kafa da ƙafa, ko ya gane abin nufi idan an ce Sarki ya hana fada a fada. Amma tun da harafi a wurin tafinta kwatance ne kawai, ba a bukatar maƙeri kuma. Duk wanda ya iya zana lanƙwasa zai iya ƙera ƙ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya ƙera haruffan kwamfuta masu ƙugiya, cikinsu har da wanda ya kira Rabi'at, marubuta da masu ɗab'i suka amfana.

Saura wata matsala. A tsohon tsari gurbi 256 kacal ake da su, saboda haka sai an kori wata alama kafin a zaunar da ƙ a gurbinta. Idan aka kai fayil wani shago da ba shi da wannan nau'in haruffa, tafinta yakan ɗauko wani a madadinsa, sai alamar da aka kora ta dawo ta ɓata shafi. Abu biyu suka magance wannan. Na farko shi ne tsarin Unicode da aka soma a 1991, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana. Na biyu shi ne damar da PDF ya bayar ta cusa kwatancen haruffan a cikin fayil ɗin kansa, ya tafi da guzurinsa duk inda za shi. Rubutun ajami ma ta wannan hanya yake isa takarda, domin da zarar manhaja ta haɗa baƙaƙen ta ɗora wasulla, tafinta siffofi kawai yake gani.

Kammalawa

Darasin da ke cikin wannan tarihi ga malamin makaranta a Sule Tankarkar mai shirya tambayoyin jarrabawar Hausa, ko marubuci a Gumel, ko mai buga katin ɗaurin aure a Gagarawa, a fili yake. A rubuta da haruffan Unicode, a zaɓi nau'in rubutun da ke da masu ƙugiya, a mayar da aikin PDF tare da cusa haruffan a ciki, sannan a buɗe shi a duba kafin a kai shago. Idan aka yi haka, babu wani inji da zai iya cire wa harafi ƙugiyarsa.

Ga ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta kuwa, Ghostscript yana nan a buɗe, kowa na iya sauko da shi ya karanta cikinsa layi-layi. Mutum ɗaya ne ya soma shi a 1986 da littafin ƙa'idoji a hannu. Uzurin da ake bayarwa a da, cewa inji ne bai san haruffanmu ba, ya riga ya ƙare. Tafinta ba ya faɗin abin da ba a gaya masa ba, saboda haka idan aka ga Hausa ta fito babu ƙugiya a yau, mai rubutun ya kamata a tambaya.